Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tunani a Kan Gyaran Tsofaffin Motoci

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Panshekara ya nufi rukunin masana'antu na Challawa, ko ya ratsa Sharaɗa ko Bompai, zai ga abubuwa biyu suna maƙwabtaka da juna. Na farko su ne manyan gine-ginen masana'antu, waɗansu suna aiki, waɗansu kuwa an garƙame su da kwaɗo tun shekaru, har ciyawa ta tsiro a bakin ƙofa. Na biyu su ne garejojin kanikawa a gindin bishiya ko a ƙarƙashin rumfar kwano, inda a kan tarar da wata tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser an ɗora ta bisa duwatsu, an zazzage mata ciki. Mai wucewa in ya dube ta sai ya ce gwangwan ce, ta 'yan jari-bola. Mai ita kuwa, in ka tambaye shi, sai ya ce maka nan da wata uku za ka gan ta a titi.

Daga cikin masu irin waɗannan motoci akwai wanda larura ta sa shi, watau da ita yake neman abinci. Akwai kuma wanda yake da wata motar hawa lafiyayya a gida, amma yake kashe kuɗinsa da ranakun hutunsa a kan wannan tsohuwa, ba don kome ba sai don sha'awa. A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙari mu duba tambayoyi huɗu da wannan aiki yake tayarwa. Shin motar da aka sauya wa kome da kome, ita ce dai ta dā? Mene ne haƙƙin mai saye a kan mai gyara? Ina iyakar 'yancin mutum a kan abin da ya mallaka? Sa'an nan, shin wannan sha'awa aikin hankali ce ko kuwa almubazzaranci?

Asalin Waɗannan Motoci

Kafin mu shiga muhawara ya kyautu mu san abin da muke magana a kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani injiniya na kamfanin Rover a Ingila, mai suna Maurice Wilks, yana amfani da wata tsohuwar jif ta sojan Amurka a gonarsa. Daga nan ne tunanin ƙera irinta ya zo masa, kuma samfurin farko da aka gwada a 1947 a kan shasin jif ɗin Amurka aka ɗora shi. A watan Afrilu na 1948 aka nuna Land Rover ga jama'a a birnin Amstadam. Da yake a lokacin gwamnatin Ingila tana rabon ƙarfe da awo, sai aka yi bodinta da alminiyam. Wannan ƙarancin da ya zama dole shi ne ya zame mata alheri, domin alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. An yi ta kyautata ta har zuwa samfuri na uku, wanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Jikarta mai suna Defender, a tsohuwar sigarta, an daina ƙera ta ranar 29 ga Janairu, 2016.

Ita kuwa ta Japan, kamfanin Toyota ya fara ta a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Samfurin da ake kira 40 ya fito a 1960, wanda ake kira 70 kuma a 1984. Ƙarfin waɗannan motoci a cikin rairayi ya sa har yaƙin da Cadi ta gwabza da Libiya a 1987 ana kiransa Yaƙin Toyota.

Abin da ya bambanta su da ƙananan motoci shi ne injinsu yana iya juya ƙafafu huɗu gaba ɗaya. A tsohuwar Land Rover, ban da sandar giya da kowa ya sani, akwai wata mai jan kai da wata mai rawayan kai. In direba ya danna mai rawaya, ƙafafun gaba su ma sai su kama ja. In ya jawo mai jan kai, motar ta rage gudu ta ƙara ƙarfi, ta hau tudu ko ta fita daga taɓo. Saboda haka ne ta zama dokin ma'aikatan En'e, da 'yan sanda, da malaman gona, da malaman dabbobi, a zamanin da kwalta ba ta wuce manyan hanyoyi ba. Da irinta ne kuma matafiya suke ratso Sahara ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram su sauka Kano. Har wa yau a tsaunin Mambila, da wani yanki na Darjilin a Indiya, tsofaffin Land Rover sun shahara wajen ɗaukar mutane da kaya zuwa inda ƙaramar mota ba ta zuwa.

Dalilin daɗewarsu ba ƙarfi kaɗai ba ne. An yi su ne yadda za a iya kwance su. Bodi daban, shasi daban, kusoshi ne suka haɗa su. Babu kwamfuta a cikinsu, mutum da sifana da guduma da haƙuri zai iya warware su ya mayar. To, wannan sauƙin kwancewa shi ne ya haifar da tambayarmu ta farko.

Ita Ce ko Ba Ita Ba Ce?

Wani marubucin Girka mai suna Plutarch, wanda ya rayu kusan shekara dubu biyu da suka wuce, ya ba da labarin jirgin ruwan wani gwarzo da ake kira Tisiyas. Mutanen Atina sun adana jirgin don tunawa da shi. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har aka wayi gari babu ko sili ɗaya na asali. Masana falsafa suka rabu biyu, waɗansu suka ce jirgin nan shi ne dai, waɗansu suka ce wani ne daban. A 1655 wani Bature, Thomas Hobbes, ya ƙara wa miya gishiri. Ya ce, to, a ce wani ya bi yana tsince tsofaffin katakon da ake zubarwa, ya harhaɗa su ya yi jirgi, wanne ne na Tisiyas a cikin biyun?

Mu ɗauko wannan tambaya mu sauke ta a Challawa. A ce wani dattijo ya sayi Land Rover a gwanjon gwamnati a 1978. Bayan shekara goma injinta ya buga, aka sa mata wani. Daga baya aka sauya giyabos, aka sauya aksil, aka sauya ƙofofi da kujeru. Da shasi ya ruɓe, mai walda ya yi ta yanka yana ƙari har sabon ƙarfe ya rinjayi tsoho. Dattijon ya rasu, ɗansa ya gaje ta, yana cewa, "Wannan motar Baba ce." A can Ƙofar Ruwa kuma wani ya bi ya sayi tsohon injin, da tsofaffin ƙofofin, da duk abin da aka yar, ya haɗa mota. Wace ce motar Baba?

Amsa ta farko ita ce a ce asalin abu yana cikin kayan da aka yi shi da su. In haka ne, ta Ƙofar Ruwa ce ta gaskiya. Amma wannan amsa tana da rauni, domin in muka bi ta, ranar da aka sauya wa mota fulogi ɗaya ta fara zama wata. Ba kuwa mai iya nuna mana kusar da in an cire ta motar ta tashi daga ita ce zuwa ba ita ba.

Amsa ta biyu ita ce ta hukuma, wadda take duba lambar shasi da takardu. A Ingila hukumar rajistar motoci ta taɓa shimfiɗa wani tsari na maki ga motar da aka yi wa babban sauyi: sai ta sami maki 8 kafin ta riƙe tsohuwar lambarta, shasi yana da maki 5, inji kuwa maki 1 tak. Watau a ganinsu ƙashin baya shi ne mota, ba zuciya ba. Wannan tsari yana da amfani ga mai karɓar haraji da ɗan sanda, amma yarjejeniya ce kawai. Da sun ga dama da sun ba inji 5, ba kuma wanda zai ce sun yi ƙarya.

Amsa ta uku tana nan a gida, ko da yake ba mu saba kiranta falsafa ba. Manomi yakan ce wannan fartanya ta kakansa ce, alhali an sauya mata ƙota sau da yawa, maƙeri kuma ya sauya mata ruwa. Ginin ƙasa kowace shekara sai an yi masa yaɓe, in katanga ta faɗi da damina a tayar da ita da rani. Gidan Rumfa, wanda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa, an yi ta rushe sassansa ana sabuntawa fiye da shekara ɗari biyar, amma ba Bakanon da zai ce ba Gidan Rumfa ba ne. A Japan ma akwai wani wurin bauta a Ise da ake sake gina shi sabo fil duk bayan shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, mutanen wurin kuwa suna ɗaukarsa tsohon wuri. Abin da duk waɗannan suka yi tarayya a kai shi ne salsala: riƙo bai yanke ba, aiki bai tsaya ba, kowane sabon abu ya shigo ne ya tarar da tsofaffi ya zauna cikinsu kafin su ma su tafi.

A ganina wannan amsa ta uku ita ta fi kusa da yadda mutane suke rayuwa da kayansu. Motar Baba ita ce wadda ba ta taɓa barin hannun gidan ba. Sai dai mu yi adalci ga mutumin Ƙofar Ruwa. In masanin tarihi yana son ya san irin ƙarfen da aka yi aiki da shi a Ingila a wancan zamani, wurinsa zai je, ba wurin magajin ba. Ashe kalmar "ita ce" tana ɗauke da ma'ana biyu, ta salsala da ta kayan jiki, kuma kowace tana da wurin da take aiki. Muddin ana hira ce a dandali, wannan harshen damo ba ya cutar da kowa. Ranar da ciniki ya shigo kuwa, magana ta tashi daga falsafa ta koma ta amana.

Inda Amana Ta Shigo

Aiki iri uku ake yi wa tsohuwar mota. Akwai gyara, watau a mayar da abin da ya lalace ya yi aiki. Akwai sauyi, watau a mai da ita abin da maƙeranta ba su nufa ba. Akwai kuma maidowa, watau a yi ƙoƙari ta koma kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Na ukun nan ya zama babbar kasuwa a Turai, har kamfanin Jaguar Land Rover da kansa ya sanar a 2016 cewa zai nemo tsofaffi 25 na samfurin farko ya maido su ya sayar. Inda duk tsufa ya zama abin sayarwa kuwa, to, ƙarya ta sami ƙofa.

Mai karatu ya lura da wani abu game da Land Rover. Bodinta ba ya tsatsa, shasinta kuwa baƙin ƙarfe ne, kuma daga ciki yake ruɓewa, inda laka da ruwa suke kwanciya. Don haka tana iya yin kyau a ido alhali ƙashin bayanta ya zama gari. Mai son zuciya ba ya bukatar wahala: ya cusa fila a ramukan tsatsa, ya shafe da baƙin fenti, ya fesa wa bodi sabon launi, ya mayar da agogon tafiya baya. Mai saye ya zo ya zagaya ta ya ce, "Maigida, lafiyarta ƙalau?" Shi kuwa ya amsa, "Alhaji, ai gani ya kori ji." Bai furta ƙarya da baki ba, amma fenti ya furta masa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan. Ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Daɗin daɗawa, a mazhabar Malikiyya mai sana'a yana lamunin kayan da aka ba shi ya tafi da su wurin aikinsa, ko maɗinki ne ko marini ko maƙeri. Hikimar wannan hukunci a fili take, kuma ta dace da bakanike ƙwarai: mai kaya ba ya nan, ko yana nan ma bai san abin da ake yi ba. Wanda aka rufe injinsa ba shi da hanyar sanin ko sabon zobe aka sa wa fistin ko tsohon aka wanke. Duk sana'ar da mai yi ya fi mai biya sani nesa ba kusa ba, ba abin da yake riƙe da ita sai amana.

Masu adana tsofaffin gine-gine sun iso ga irin wannan matsayi ta wata hanya. Yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Banis na Italiya a 1964 ta bukaci duk abin da aka ƙara wa tsohon gini ya dace da shi, amma a iya bambance shi da na asali, don kada gyara ya yi wa tarihi ƙarya. Wannan ƙa'ida ta isa ta zama ta gareji. Ba laifi ba ne a sa wa Land Rover injin Toyota, laifin shi ne a ɓoye. Gyaran kirki shi ne wanda mai shi zai iya ɗaga bonet ya nuna da yatsa ya ce, wannan na asali ne, wannan na Ƙofar Ruwa ne, wannan kuma mai walda ne ya ƙera.

Haƙƙin Wanda Ba Ya Wurin

Sai mu juya ga sauyi. Mai mota yana iya cewa, "Kuɗina ne, motata ce, in yi yadda na so." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma mota ba riga ba ce. Maƙeranta sun auna kowane sashe da ɗan'uwansa. Injin tsohuwar Land Rover mai lita biyu da kwata ba mai gudu ba ne, birkinta na ganga an yi shi daidai da wannan tafiya, haka nan sandunan da suke juya ƙafafun baya. In aka ɗora mata inji mai ninkin ƙarfi aka bar sauran yadda suke, sandunan nan sukan karye, birki kuma ya kasa tsayar da abin da injin ya kora. In aka ɗaga ta sama aka sa mata manyan tayoyi, ta ƙara kwarjini, amma nauyinta ya hau sama, ta fi saurin kifewa a kwana. In aka ɗaura mata katangar ƙarfe a gaba, mai ita ya tsare fitilunsa, amma wanda ta buge ya fi jin jiki.

Wa zai biya kuɗin wannan kwarjini? Yarinya mai tallan gyaɗa a bakin titin Sharaɗa, da leburan da ya taso daga majema yana tura keke, da fasinjan da ya hau bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Ba a yi shawara da ko ɗayansu ba ranar da ake ciniki a gareji. Saboda haka ƙa'idar ita ce, duk sauyin da haɗarinsa zai tsaya a kan mai shi, ruwansa ne, wanda kuwa zai fita titi ya tarar da wani, sai an auna shi da ma'aunin wanda ba ya wurin. Wanda ya ƙara wa mota ƙarfin tafiya ya ɗauki bashin ƙara mata ƙarfin tsayawa.

Sha'awa ko Almubazzaranci?

Ga tambayar da ta fi zafi. A garin da ake da yara masu kwana da yunwa, da matasa masu digiri ba aiki, ina dacewar mutum ya zuba dukiya a kan ƙarfen da ya girmi 'ya'yansa? Masu wannan suka suna da hujja uku. Sun ce kuɗin da ake kashewa sau da yawa ya fi abin da motar za ta yi a kasuwa. Sun ce tsohon inji ya fi shan mai, ya fi hayaƙi. Sun kuma ce begen jiya ne kawai, alhali waɗannan motoci su ne suka ɗauki jami'an mulkin mallaka zuwa karɓar haraji.

Ba za a share waɗannan hujjoji da hannu ɗaya ba. Amma mu dubi doki. Rabon da a fita yaƙi da doki a ƙasar Kano an haura shekara ɗari, ba kuma mai zuwa Zariya a kansa. Duk da haka masu hali suna kiwonsa, kuma a bayan kowane doki da ya fita Hawan Salla akwai baduku, da maƙerin linzami, da mai ɗinkin kayan doki, da mai yankan ciyawa, da ɗan barga. Sha'awar mutum ɗaya ta riƙe sana'ar mutum goma, ta kuma hana wani ilmi mutuwa. Haka tsohuwar mota take. Wanda ya sayi sabuwa, mafi yawan kuɗinsa ƙetare suka tafi. Wanda ya tayar da tsohuwa kuwa, kaso mai tsoka na kuɗinsa ya shiga aljihun bakanike, da mai walda, da mai riwaya, da mai buga bodi, da mai ɗinkin kujera, da yaran da suke koyo a ƙarƙashinsu.

Game da hayaƙi, gaskiya ne tsohon inji ya fi ƙazanta, kuma wajibi ne mai shi ya daidaita kafireto ko famfon gas, kada ya mai da titi murhu. Amma a tuna ƙera sabuwar mota ma yana cin ƙarfe da wuta da ruwa masu yawa kafin ta taka ƙasa. Game da mulkin mallaka kuwa, motar da ta kai mai karɓar haraji ita ce ta kai mai allurar rigakafi, ita ce kuma ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye. Ƙarfe ba shi da niyya.

Sai dai sha'awa tana da sharaɗi. Wanda ya hana iyalinsa cefane ko kuɗin makaranta don ya sayi giyabos, wannan zalunci ya yi, ko da motar ta fito kamar amarya. Wanda yake danne haƙƙin yaran gareji, yana kashe dubbai a kan fenti, shi ma haka. Akwai kuma bambanci tsakanin mai so da mai tarawa. Mai so yana shiga ƙarƙashin mota, baƙin mai ya ɓata masa riga, ya zauna gaban bakaniken da bai yi boko ba ya ce, "Malam, nuna mini." Irin wannan yana koyon haƙuri da ƙanƙan da kai, domin kusar da ta ci tsatsa ba ta san muƙami ba. Mai tarawa kuwa jera su yake yi don a gani a faɗa. Na farko sha'awarsa makaranta ce, na biyu tasa riya ce.

Darasin Challawa

A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 Nijeriya ta kafa masana'antun harhaɗa motoci guda shida tare da kamfanonin ƙetare: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, waɗanda suka fara aiki a 1975, sai Leyland a Ibadan, da Steyr a Bauci, da Mercedes a Inugu, da kuma ta manyan motocin Fiat a nan Kano, a hanyar Zariya. A lokacin Bompai da Sharaɗa da Challawa suna cike da masaƙu da majemu da masana'antun roba da na abinci. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube, sai kayan gyara da ake odarsu daga waje suka gagara. Ga kuma ƙarancin wutar lantarki da kwararowar kaya masu araha daga ƙetare. Masana'antu da dama suka rufe, tituna suka cika da motoci 'yan Kwatano.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin injunan da aka saya da miliyoyi sun tsaya cik, amma kwaraɓaɓɓiyar Land Rover da ke gindin bishiya ta ci gaba da tafiya. Dalili ɗaya daga cikin dalilai shi ne, ilmin wancan inji yana can ƙasar da aka ƙera shi, ilmin wannan mota kuwa ya riga ya zauna a hannun 'yan gari. Abin da ka saya amma ba ka iya gyara shi, aro aka ba ka, ko da rasit yana aljihunka.

Wani zai ce, al'ummar da ta tsaya ga faci ba za ta taɓa ƙera nata ba. Wannan gargaɗi ne mai kyau, amma tarihi ya nuna gyara yakan zama ƙofar ƙira. Mun riga mun ga ita kanta Land Rover daga tsohuwar jif ta fito. A Kumasi ta Gana akwai unguwar Suame, inda dubban kanikawa da maƙera suka kai ga ƙera kayan gyara da injunan sarrafa amfanin gona. A Kaduna akwai Panteka. A Nnewi, fataucin kayan gyara ne ya girma ya zama ƙera su, har aka buɗe masana'antar motoci ta Innoson a 2010. Abin da yake hana gyara ya zama ƙira shi ne katangar da ke tsakanin mai karatu da mai sifana: ɗaya ya san dalili bai taɓa kwance inji ba, ɗaya ya kwance ɗari ba wanda ya gaya masa dalili.

A nan mu ɗaliban harshe muna da namu rabo. Gareji cike yake da kalmomi da Hausa ta aro ta tanƙwara, irin su lagireto da kafireto da kuloci da farfela, da kuma hanyoyin bayyana ciwon inji, kamar a ce yana tari, ko yana shan mai, ko ya buga. Wannan taska ce da ta cancanci a tattara ta a rubuta, tun dattawan da suka san ta suna raye.

Har ila yau, kada so ya rufe ido. Masu iya magana da suka ce da tsohuwar zuma ake magani, su ne kuma suka ce sabo turken wawa. Akwai shasin da ya wuce walda, wanda sake fitar da shi titi kasada ce da rayukan mutane. Irin wannan mota mutuncinta shi ne a kwance ta, a raba sassanta masu rai ga 'yan'uwanta, saura a kai wa masu narka ƙarfe. Sanin lokacin da za a haƙura wani ɓangare ne na ilmin gyara.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga asalin abu ya fi dogara ga salsalar riƙo da aiki bisa ga ƙarfen jikinsa, amma wannan bai ba kowa damar sayar da sabo da sunan tsoho, ko ruɓaɓɓe da sunan lafiyayye ba. Mun ga 'yancin mai mota yana ƙarewa inda haƙƙin mai tafiya a ƙasa ya fara. Mun kuma ga sha'awar tayar da tsohuwar mota ba almubazzaranci ba ce, muddin an sauke haƙƙin iyali da na ma'aikaci, kuma ilmi ake nema ba suna ba.

Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu, mu da muke zaune a ɗakunan karatu masu fasassun tagogi da famfunan da suka daina zuba, me ya sa muka fi murnar buɗe sabon gini bisa ga kula da wanda muke ciki? Wanda ya aza harsashi ana rubuta sunansa a jikin allo, wanda yake toshe yoyo kowace damina kuwa ba a ko san shi ba, alhali ba don shi ba da allon da katangar sun daɗe da faɗuwa. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.